Ƙunshin Ta'amiyya

Na sayi ta'amiyyar riyal biyu a Hindawiyya,
bayan la'asar, ina tsaye gindin fanka.
Ina warware ƙunshin sai ga fuska,
mai ya jiƙa goshinta ya gangaro haɓa.
Barira Nafi'u. Ranar haihuwa. Lambar fasfo.
Can ƙasa, shuɗin hatimin shagona.

Ban ci ba.

Shekara goma sha tara ina auna kaya a Jidda,
kwalin dabino, bargo, keken ɗinki.
Duk mai aike sai ya ajiye kwafin igama,
lambar waya, sunan mai karɓa a Gusau ko Damagaram,
unguwa, layi, har launin ƙofar gida.
Na tara su kamar mai tsoron fari,
kwali kan kwali har sun tokare rufi.
Da wuri ya yi ƙunci, yaron shago ya rage,
ya kai wa mai suya, ya samu na shayi.

Murja 'yata ta sha faɗa mini:
Baba, dokar bayanan mutane
ba ta ware ƙaramin shago ba.
Ka tambayi abin da aikin ke buƙata,
ka faɗi dalili, mai shi ya yarda,
in aiki ya ƙare kada takarda ta tsufa a hannunka.
Ni kuwa sai in ce, wa zai leƙo rumfar kaya?
Ai doka ta masu bene ce, masu ƙofar gilashi.

Daren nan na ja ƙofa na kira ta.
Ta zo da injin yanka takarda a kafaɗa,
ba ta ce ai na gaya maka ba.
Gara ma ta ce.

Muka zauna muna ware hatsi da tsakuwa.
Na lissafin haraji, cikin kabad na ƙarfe.
Sauran, bakin inji.
Ina miƙawa ina karanta sunaye,
ga Tasi'u direba, ya rasu shekarar annoba,
ga Uwale mai aika turare duk azumi.
Ga takardar cikewa da na tsara da hannuna:
sunan uwa, da aure ko babu.
Me ya haɗa auren mutum da nauyin kwali?
Murja ta ja layi a kai.
Ta tambayi kalmar sirrin kwamfuta,
na ce ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ta daɗe tana kallona.

Saura abu mai nauyi, ta ce: sanarwa.
Hukuma ta ji, masu sunan ma su ji.

Barira ta ɗauka a kira na uku.
Na yi bayani ina tuntuɓe da harshena.
Ta yi shiru, ina jin kukan yaro a bayanta.
Ashe, ta ce. Wata biyu da suka wuce
wani ya kira ni da cikakken sunana,
ya ce kayana sun maƙale a kwastan.
Riyal ɗari uku na tura.
Na ɗauka yaronka ne.

Ban san ko daga takardata ya samo ba.
Na biya. Ban ji na biya ba.

Jiya Alhaji Ɗanjuma ya shigo,
abokin da muka ci kwano ɗaya tun a Karantina,
yana neman lambar wani da yake bi bashi.
Tana nan cikin kabad, taku uku daga kujerarsa.
Na ce ba tawa ba ce, ajiya ce.
Ya bar shayinsa rabi, ya fita ba sallama.

Mabuɗin na rataye a wuyana, yana ɗumi.
Da yamma na koma wajen mai suya,
na saye ragowar takardun da ke ƙarƙashin tebur,
na ajiye masa bandir na farar takarda.
Ya juya ta gaba da baya yana dariya,
wai wannan ba ta shan mai kamar waccan.